Hakkin Masu Gida A Kan Mai Kawo Bishara

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa har yanzu kana bincike ba ka yanke shawara ba tukuna, akwai wata tambaya wadda lalle za ta riske ka wata rana, in ba daga bakin maƙwabcinka ba, to, daga cikin zuciyarka. Ga ta: mutanen nan da su ke zaune a bisa duwatsu da cikin lungunan jeji, inda hanyar mota ba ta kai ba, suna da harshensu, da wuraren yankansu, da shari'ar dattawansu, wa ya kirawo mai bishara wurinsu? Da wane izini ya ke hawa dutsen da ba a gayyace shi ba, har ya ce wa tsoho mai furfura akwai abin da kakanninsa ba su gaya masa ba? Kada ka ɗauki mai yin wannan tambaya abokin gaba, gama tambaya ce ta adalci, Allah kuwa ba ya ƙin a tambayi bayinsa dalilin aikinsu. Bari mu duba ta a natse, mu ga abin da ya ba mai bishara damar zuwa, da bashin da masu gida su ke binsa in ya zo.

Dalilin da ya sa su ke can

Mutum ba ya barin ƙasa mai laushi da rafi kusa, ya tafi noma tsakanin duwatsu, yana jera dutse bisa dutse domin ya tare 'yar ƙasar da zai shuka acca, sai da dalili. Ruwa ba ya tsami banza. Waɗansu kabilu tun da can a kan tudu su ke, amma da yawa tsoro ne ya hau da su. Cikin ƙarni na 19 mahaya masu kamun bayi sukan fāɗa wa ƙauyukan fili, su kwashe mata da yara, sai waɗanda suka tsira suka hau inda doki ba ya iya hawa, suka kewaye gidajensu da shingen ƙerana. Bayan da Turawan mulki suka ci Sakkwato a 1903, sai sojojinsu suka yi ta hawa duwatsun Bauchi da na Adamawa, ƙauyen da ya ƙi biyan haraji kuwa sau da yawa akan ƙone shi har da rumbunansa. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka tara mutane tilas domin haƙar kuza a ƙasar Jos, da yawa kuma sanyi da cuta suka kashe su a can. To, mutanen da suka gaji irin wannan labari, in suka ga baƙo yana hawowa suka ɓoye 'ya'yansu, hankali ne ya sa su, ba duhun kai ba.

A cikin wannan ƙasa masu bishara suka shigo. Ran 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1902 mishan ɗin S.I.M. ya sami mazauni a Patigi, cikin Nufawa. A 1904 Karl Kumm da abokansa uku na S.U.M. suka sauka Wase. Gwamnatin Turawa ta riga ta yi wa sarakunan Musulmi alkawari ba za ta taɓa addininsu ba, ta kuwa tsare masu bishara daga yawancin biranensu, sai aikin ya karkata zuwa duwatsu da kwaruruka: Panyam da Langtang a 1907, Numan a 1913, Kaltungo a 1917, Garkida a 1923. Kaburburan waɗanda suka mutu a hanya suna shaida cewa ba neman riba ya kawo su ba. Amma kada mu ce mutuwarsu kaɗai ta amsa tambayarmu, gama mutum yakan mutu domin gaskiya, yakan kuma mutu domin kuskure. Dole a nemi dalilin a wani wuri.

Abin da ya halatta zuwa

A ce ana fari, wani ya sami rijiya mai ruwa a bayan tudu, ya sha, ya shayar da iyalinsa, ya kuwa ƙi gaya wa mutanen ƙauyen gaba, yana cewa, ai suna da kududdufinsu, kada in dame su. Ba wanda zai yabe shi da kunya ko da ladabi. Haka Kirista ya ke ganin kansa: ya gaskata Allah ya gafarta masa zunubi ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, ya gaskata kuma wannan alheri na dukan 'yan Adam ne. Ba shi yiwuwa ya gaskata haka da gaske, sa'an nan ya yi shiru, ya ce ƙauna ce ta rufe masa baki.

Mai bincike zai ce, kai ne ka ke kiranta rijiya, su ba su yarda ba tukuna. Gaskiya ne, wannan kuwa shi ne ya sa iyakar ikon mai bishara shi ne ya faɗi; ɗanɗanawa da yanke hukunci na mai ji ne. Amma ka lura, wanda ya ce kada a gaya musu kome, shi ma ya yanke hukunci a madadinsu, watau ya ɗauka ba su da hankalin da za su auna magana su karɓa ko su ƙi. Dattijon da ya ke raba gardamar gona tsakanin zuriya biyu, wanda ya san ranar shuka daga duban gajimare, ya isa ya saurari labari ya gane ko akwai gaskiya a ciki. Banda haka, ba a taɓa barin mutanen nan su kaɗai ba. Ɗan kasuwa yana zuwa, mai karɓar haraji yana zuwa, mai haƙar ma'adini yana zuwa, ɗan siyasa ma yakan tuna da hanyar dutsen in zaɓe ya matso. Ashe, ba daidai ba ne a buɗe ƙofa ga duk mai zuwa karɓa, a rufe ta ga mai zuwa da labari.

Ka tuna kuma ba wata al'umma da aka haife ta da bishara a hannu. Mutanen Ingila ma baƙo ne ya kai wa kakanninsu, sa'ad da aka aiki Agustin daga Roma zuwa ƙasar Kent a shekara ta 597. Samuel Ajayi Crowther, wanda ya hau kogin Kwara da bishara tun 1841, har ya zama bishop a 1864, Bayarabe ne da aka kama bawa yana yaro. Kowane mai bi daga hannun wani ya karɓa. Saboda haka zuwa halal ne, har ma wajibi ne ga wanda ya gaskata. Sai dai wanda ya je, baƙo ne, baƙo kuwa yana da iyaka, masu gida suna da hakki a kansa.

Hakkin ƙi

Na fari, suna da ikon su ce a'a. Cikin Bishara ta hannun Luka, sura 9, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da Yesu, Yakubu da Yohanna suka so a kira wuta ta cinye su. Ubangiji ya tsauta wa almajiran, ya wuce wani ƙauye. A sura 10 kuma, da ya aiki almajiransa biyu biyu, ya umarce su su ci abin da aka sa a gabansu, garin da ya ƙi su kuwa su fita su bar shi. Bai ba su sanda ba, bai kuma ce su nemi goyon bayan hakimi ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller da abokansu suka isa Kano, Sarki Alu ya ce su bar garinsa, suka kuwa bari. Miller ya jira har 1905 kafin ya zauna Zariya.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 38, ya ba kowa ikon yaɗa addininsa da ikon sāke addini; amma wannan sashe da ya tsare mai wa'azi shi ne kuma ya tsare wanda ya ce zai zauna kan abin da ya gada. Don haka mai bishara ya shiga ta ƙofa, ya gai da sarkin gari da dattawa, ya faɗi abin da ya kawo shi a fili, kada ya ɓoye shi a bayan sunan ciniki ko makaranta. Kada kuma ya shiga a inuwar mai bindiga ko mai mulki, gama amin ɗin da tsoro ya fitar ba ya kaiwa sama.

Wani lokaci ma zuwan kansa yakan zama cuta. A Nuwamba 2018 mutanen tsibirin Sentinel ta Arewa, cikin tekun Indiya, suka kashe wani saurayi ɗan Amurka wanda ya je musu da nufin wa'azi. Dokar Indiya ta hana kusantar tsibirin, ɗaya daga cikin dalilanta kuwa shi ne, mutanen da suka daɗe a ware jikinsu bai san cututtukanmu ba, har mura ko ƙyanda ta iya ƙare su. Zuciyar mamaci Allah ne ya san ta, amma darasin a fili ya ke: himma ba ta ɗauke wa mutum alhakin ran waɗanda ya je wa.

Hakkin ji da harshen uwa

Na biyu, suna da hakkin su ji da harshensu. Ran Fentikos, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 2 ta nuna, Ruhu Mai Tsarki bai tilasta wa taron su koyi harshe guda ba, kowa da harshen da aka haife shi ciki ya ji. A Nijeriya akwai harsuna fiye da 500, masu bishara na fari kuwa kaɗan ne, don haka suka riƙi Hausa, tun ba bayan da aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932 ba. Wannan ya kawo albarka mai yawa, gama mutumin Langtang da na Numan da na Kaltungo suka iya durƙusawa wuri ɗaya su yi addu'a, kowa yana jin ɗan'uwansa. Wannan takarda ma da Hausa ta zo hannunka. Amma akwai hasara a ciki wadda bai kamata a ɓoye ba. Tsohuwa takan zauna a majami'a shekara da shekaru, iyakar abin da ta ke kamawa amin; yaro kuma yakan tashi yana zaton harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi da shi na tsafi ne kawai, Allah ba ya jinsa. Mutanen Tiv sun sami Littafi Mai Tsarki da harshensu a 1964, waɗansu kabilu sun samu daga baya, da yawa kuwa har yanzu suna jira.

To, wanda aka aika, ya fara zama almajiri kafin ya zama malami. Ya koyi gaisuwa, ya koyi sunan hatsi da na dangi, ya bar yara su yi dariyar karyayyen harshensa, gama wanda aka yi wa dariya ya daina zama abin tsoro. Ya kuma kira mutane da sunan da su ke kiran kansu. Waɗanda baƙi suka ce wa Angas, Ngas ne. Yergam, Tarok ne. Sura, Mwaghavul ne. Jaba, Ham ne. Gwari, Gbagyi ne. Kalmar nan arna kuwa, wadda ta daɗe tana ɗauke da reni, ba ta dace da bakin mai bi ba. Bitrus ma sai da Allah ya nuna masa wahayi har sau uku kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyas, ya koyi cewa ba shi da izinin kiran wani mutum ƙazantacce. Ba za ka iya kai wa mutum labarin ƙaunar Allah da sunan da ya ke jin zafinsa ba.

Hakkin magani ba da sharaɗi ba

Na uku ya shafi alheri. Tun da fari wa'azi da magani tare suka yi tafiya: asibitin Vom a 1922, mazaunin kutare na Garkida a 1929, asibitin ido na Kano a 1943, asibitin Galmi a ƙasar Nijar a 1950. Ba mai musun amfanin waɗannan. Amma masu zargi sukan ce maganin koto ne, bisharar ce ƙugiya, wannan zargi kuwa ya cancanci a auna shi, gama jarabar tana nan. Mai jin yunwa zai amsa kowace magana in ya ga buhun hatsi a bayanka, uwar da ɗanta ya ke zazzaɓi za ta yi kowane alkawari. Wanda ya ƙirga irin wannan amsa ya ce ya sami masu tuba, ya ruɗi kansa, ya kuma ci amanar mabukaci.

Dubi yadda Ubangiji ya yi. Cikin Luka sura 17 kutare goma ya warkar, ɗaya tak ya komo ya yi godiya, bai kuwa mayar wa taran nan kuturtarsu ba. Cikin Yohanna sura 6 ya ciyar da taro, da suka biyo shi domin gurasa ya gaya musu a fili abin da ya kawo su. Ga ma'auni, ya ɗan'uwa: in sarkin tsafin da ya hana ka wurin gina majami'a ya zo da gyambo, za ka wanke masa da irin hannun da ka ke wanke na mai bi? In rijiyar da aka haƙa a ƙauye ta zama ta masu zuwa sujada kaɗai, ta daina zama alheri, ta zama ciniki. A ba da magani domin mutumin yana ciwo, a yi wa'azi domin maganar gaskiya ce, kowa ya sani kuma ba ya bukatar ɗayan kafin ya sami ɗayan.

Cikin alheri ma akwai tsare mutunci. A 1986 jaridun Nijeriya suka cika da labarin mutanen Koma na duwatsun Alantika, kan iyakar Kamaru, suna cewa an gano su, sai ka ce ɓatattun awaki, alhali kuwa maƙwabtansu sun san su tun kaka da kakanni. Aka yi ta buga hotunansu domin kallo. Yau da kowa ya ke da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, jarabar ta ƙaru. Kada mai bishara ya ɗauki hoton tsiraicin wani ko yunwar ɗansa, ba da yardarsa ba, domin ya motsa zuciyar masu ba da kuɗi. Abin da ba za ka so a yi wa mahaifiyarka ba, kada ka yi wa tasa.

Hakkin al'ada

Na huɗu shi ne mai wuya. Al'adun kowace kabila, har da tamu, in aka zuba su a faifai sai su rabu kashi uku. Akwai waɗanda su ke kisa ko zalunci, kamar yar da tagwaye, wanda Mary Slessor ta yi ta yaƙi da shi a ƙasar Kalaba daga 1876 har mutuwarta a 1915. A nan ba shiru, gama jaririn da za a yar shi ma ɗan gida ne, yana da hakki, uwarsa kuma tana kuka a ɓoye. Akwai kuma masu kyau, ko marasa laifi: gayyar noma, girmama tsofaffi, karɓar baƙo, sunayen gida, kiɗa da rawar girbi. Waɗansu masu bishara na dā sun hana ganga, sun ɗora wa masu tuba sunaye da tufafin Turai, kamar sai mutum ya zama Bature kafin ya zama Kirista. Taron manzanni a Urushalima, cikin Ayyukan Manzanni sura 15, ya riga ya ƙi irin wannan, sa'ad da ya yanke cewa ba a bukatar al'ummai su zama Yahudawa kafin su sami ceto. Duk wanda ya ji zumuntar mata suna yabon Allah da tulu da caki da ganga, ya san ekklesiya ba ta yi hasara ba da kiɗan gida ya komo.

Kashi na uku su ne waɗanda masu tsoron Allah kansu suka sha bamban a kansu. Ga mutum mai mata uku, ya aure su bisa ga dokar mutanensa tun bai ji bishara ba, yanzu yana neman baftisma. Taron bishop bishop na Anglikan a Lambeth ya yanke a 1888 cewa kada a yi wa irinsa baftisma muddin yana tare da su, mishan da yawa kuma suka bi wannan hanya. Abin da ya biyo baya a wurare da yawa shi ne mata korarru da 'ya'ya marasa mai kula. Bayan shekara 100, a 1988, taron ya yarda a karɓe shi tare da iyalinsa, in ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba, in kuma jama'ar masu bi na wurin sun yarda. Ekklesiyoyi ba su zama baki ɗaya kan wannan ba har yau, kowa kuwa ya bi koyarwar tasa. Amma abin koyo a nan shi ne, in manyan malamai suka ɗauki shekara ɗari suna auna magana ɗaya, bai kamata saurayin da ya kwana uku a ƙauye ya yanke ta da tsawa ba. Ya tambaya, ya saurara, ya bar masu bi na wurin su karanta Maganar Allah su auna al'adarsu da kansu, gama su ne suka san abin da kowace al'ada ta ke nufi.

Hakkin riƙon gidansu

Na biyar, ekklesiyar da aka kafa tasu ce. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Bulus bai daɗe a yawancin garuruwa ba. Yakan naɗa dattawa daga cikin mutanen wurin ya wuce, a Koranti kuma da ɗinkin tanti ya ci da kansa. Makarantar Gindiri, wadda aka buɗe a 1934, ta koyar da masu bishara waɗanda za su riƙe fartanya su ci daga gonarsu kamar kowa. A 1938 aka naɗa Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot fastoci, shekara 34 bayan saukar Kumm a Wase. A 1954 kuma ekklesiyoyin da S.I.M. ta kafa suka tsaya da ƙafafunsu da sunan E.C.W.A. Yau yawancin masu hawa duwatsu da bishara 'ya'yan ƙasa ne, jikokin waɗanda aka hau wa jiya. Jarabar da ta sami Bature tana iya samun ɗan birni: ya riƙe maɓallin akwatin baiko, ya riƙe mumbari, ya ce mutanen ba su isa ba tukuna. Mai bishara na kirki tun ran da ya sauka ya ke neman wanda zai gāje shi.

Baƙin cikin da ya rage

Ko an kiyaye waɗannan duka, akwai ciwon da ba ya kauwa, ba kuwa za mu ɓoye maka shi ba. Sa'ad da ɗa ya bi Almasihu, akwai tsohon da zai tsaya a wurin yankan gidansu ya ga ba mai karɓa daga hannunsa, yana tsoron in ya mutu ba wanda zai kira sunansa. Wannan baƙin ciki na gaske ne, Ubangiji da kansa ya faɗi tun da wuri cewa saboda shi gida zai rabu. Mai bi ba shi da ikon sayen salama da musun Ubangijinsa. Ba ya yanka wa wani abin bauta, ko da uba ne ya roƙa. Amma ya tabbata abin da ya raba su bangaskiya ce kaɗai, ba girman kai ba.

Saboda haka, ya kai sabon mai bi, in ka koma ƙauyenku, ka riga kowa fita gonar mahaifinka. Ka durƙusa ka gaishe shi kamar dā, har ma fiye. Kada ka fasa tukunyar tsafin da ba taka ba, kada ka yi wa abin da ya ke tsoro ba'a a gaban yara. In an yi rasuwa, ka je ka haƙa kabari, ka zauna makoki, ka janye daga yanka kawai, ka kuma faɗi dalilinka da murya mai taushi. In an kore ka, kada ka rama. In yunwa ta zo, ka aika da hatsi gidan da aka kore ka. Sannu ba ta hana zuwa. Mutanenka ba za su karanta wannan takarda ba, halinka za su karanta, shekara da shekaru.

Kai kuma mai bincike, hakkokin nan biyar naka ne. Ba wanda ya ke da izinin tilasta ka, ko ya saye ka, ko ya rena harshenka da gidanku da sunan Almasihu. In wani ya yi haka, ya saɓa wa Ubangijin da ya ke ambata. Ka saurari labarin, ka yi tambaya yadda ka ga dama, ka auna da hankalin da Allah ya ba ka. Allah ya ba masu tafiya tawali'u, ya ba masu gida haske, ya sa sa'ad da baƙo ya sauka daga dutsen, masu gida su ce gara da ya zo. Amin.